Filin Tambaya da Amsa: Cikin Mota, Tsakanin Ido da Hannu

Wasiƙun wannan watan kusan dukkansu a kan cikin mota suka taru, kamar masu karatu sun haɗa baki. Na ji daɗin hakan ƙwarai. Minti nawa mai mota yake yi a rana yana kallon jikinta daga waje? Da ya buɗe ƙofa ya zauna, duk shekarun da zai yi da ita a ciki zai yi su: hannunsa a kan sitiyari, gwiwarsa jingine da akwatin nan da ya raba kujeru biyu na gaba, idonsa yana kai-kawo tsakanin titi da dashbod. Fentin waje rabon masu wucewa ne. Na zaɓo wasiƙu shida, na ɗan taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin sauya mota, kuma guda biyu ne suka tsaya mini a rai. Ɗaya tsakiyarta allo ne babba kamar talabijin, komai da taɓawa ake yi, har sanyin esi. Ɗayar allonta ƙarami ne, ƙasansa kuma akwai maɓallai da abubuwan murɗawa. Ɗana ya dage wai ta biyun ta tsofaffi ce, zamani ya bar ta a baya. Shekaruna 58, kuma sai da tabarau nake karatu. Wacce za ka ba ni shawara in ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Idan motocin biyu sun yi daidai ta fuskar lafiyar inji da sauran abubuwa, ka ɗauki ta biyun, kuma kada ka ji kunyar kowa. Ga dalilina.

Hannun mutum yana da haddarsa. Abin murɗawa na ƙarar rediyo yana nan wuri ɗaya yau da gobe da jibi, yana da siffa, yana da tudu, idan ka juya shi kana jin ƙas-ƙas ɗinsa a yatsunka. Bayan mako biyu da mota, hannunka zai riƙa zuwa wurinsa ba tare da ya nemi izinin ido ba. Allo kuwa gilashi ne sumul. Yatsa ba ya gane inda sanyi yake da inda rediyo yake, dole ido ya raka shi, ya tsaya ya tabbatar ya taɓa daidai, wani lokacin ma sai an buɗe shafi biyu ko uku kafin a kai ga abin da ake nema. Duk wannan lokacin motar ba tsaye take ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan ɗaya. Sakan biyu na kallon allo, ka shafe mita 55 ke nan ba ka ga gabanka ba. Wannan ne ya sa hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta fitar da ƙa'idoji ga masu ƙera motoci a 2013, inda ta nemi kada wani aiki ya ɗauke idon direba fiye da sakan 2 a kallo guda, ko fiye da sakan 12 idan aka haɗa duka.

An ma gwada abin a aikace. A 2022 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Vi Bilägare, ta tara sababbin motoci 11 da tsohuwar Volvo V70 ta shekarar 2005 a wani filin jirgin sama. Aka bar direbobi suka saba da kowace mota tukuna, sannan aka ce su yi wasu 'yan ayyuka na yau da kullum suna gudun kilomita 110 a awa: ƙara ɗumin cikin mota, kunna abin share raɓa daga gilashi, kama wata tashar rediyo, rage hasken dashbod da makamantansu. A tsohuwar Volvo mai maɓallai an gama cikin sakan 10, motar ta yi tafiyar mita 306. Wadda ta fi kowacce ɓata lokaci, MG Marvel R, ta ci sama da sakan 44, ta yi tafiyar fiye da mita 1,300. Ka auna tazarar nan a ranka, ka ga mutum nawa da abin hawa nawa za su iya giftawa a cikinta.

Ga kuma batun tabarau da ka ambata, wanda a wurina shi ne ya yanke hukunci. Idon da ya haura shekara 45 yana jinkiri wajen sauyawa daga kallon nesa zuwa kallon kusa. Titi yana can nesa, allo yana nan gaban hancinka, rubutunsa ƙanana. Abin da ɗanka zai karanta da ƙiftawa ɗaya, kai sai ka ƙura ido. Kamfanin Mazda ya lura da irin wannan matsalar: a Mazda3 ta 2019 ya tura allon can gaba kusa da gilashi, ya ɗaga shi daidai layin kallo, ya bar sarrafa shi ga wani abin murɗawa da ke kusa da giya.

Ka faɗa wa ɗanka, cikin lumana, cewa allon taɓawa ba sabon abu ba ne. Buick Riviera ta 1986 ta zo da shi, masu motar suka yi ta ƙorafi, zuwa 1990 kamfanin ya cire shi. Tesla Model S ce ta dawo da yayin a 2012 da allo mai inci 17 a tsaye, sauran kamfanoni suka bi sahu, har Mercedes ta shimfiɗa gilashi mai faɗin santimita 141 daga wannan ƙofa zuwa waccan a motarta EQS a 2021. Akwai kuma lissafin riba a ciki, wanda ba a cika faɗa ba. Kowane maɓalli sai an zana shi, an ƙera shi, an ja masa waya, an gwada shi sau dubbai. Allo kuwa da ma yana nan, musamman tunda Amurka ta wajabta kyamarar baya a sababbin motoci daga Mayun 2018, don haka zuba komai a cikinsa ya fi wa kamfani sauƙi. Amma kiɗan ya fara canzawa. Honda ta cire abin murɗa ƙarar rediyo a Civic ta 2016, ta mayar da shi a ta 2019. Volkswagen ta amsa a fili cewa maɓallan shafawa da ta sa a kan sitiyari ba su karɓu ba, ta koma na dannawa. Ƙungiyar Euro NCAP, mai ba motocin Turai taurarin aminci, ta sa a tsarinta na 2026 cewa motar da ke son cikakken maki ta tanadi maɓalli ko sanda na zahiri domin ham, da sigina, da waifa, da fitilun haɗari, da kiran gaggawa.

Ba na ƙin allo gaba ɗaya. Wajen taswira da kyamarar baya babu abin da ya kama ƙafarsa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki aikin hannu a ɗora wa ido. Kafin ka biya, ka zauna a kowacce tana tsaye da injinta a kunne, ka rufe idonka, ka gwada rage rediyo, ƙara sanyi, kunna abin share raɓa da fitilun haɗari. Wadda ka iya yin duka huɗun a cikinta ido rufe, ita ce taka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Motata ba ta kai wata uku a hannuna ba, amma baƙar robar nan mai sheƙi da ke kewaye da giya duk ta yi zane-zane, ga shatin yatsu, ga ƙura. Kullum sai na goge, amma kamar ƙara lalacewa take yi. Ni ce ban iya kula ba, ko kuwa?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne, halin robar ne. Masu zane suna kiranta baƙin fiyano, don tana kwaikwayon fentin wannan kayan kiɗan, wanda ake shafawa hawa-hawa ana gogewa. Ta mota kuwa yawanci roba ce mai taushin fuska da aka zuba a mazubi. An so ta ne saboda a hoto da kuma ƙarƙashin fitilun wurin sayar da motoci tana walƙiya kamar abu mai tsada, kuma tana sajewa da baƙin allo idan an kashe shi. Kyan ɗan maciji ke nan. An kuma sa ta a wurin da ya fi ko'ina shan wahala a mota, inda ake jefa makulli da waya, inda zobe da agogo ke gogawa.

Gaskiyarki ne cewa gogewar tana ƙara ɓata ta. Ƙura ƙananan duwatsu ce. Idan kika sa tishu ko busasshen tsumma kika murza, tamkar kin sa takardar goge katako ce. Ki fara kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, sannan ki ɗan jiƙa ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ki shafa a miƙe ba a zagaye ba, ba tare da dannawa ba. Zanen da bai yi zurfi ba, man goge roba yana rage shi. Bayan nan ki sa a liƙa mata siririyar ledar kariya, irin wadda ake sa wa fentin mota. Ni ledar da ba ta sheƙi nake ba da shawarar a sa, domin baƙin fiyano yana da wani aibin da ya fi zane: idan rana ta faɗo a kansa yana wurgo haske cikin idon direba.

Na taɓa riƙe mota mai irin wannan robar shekara biyu. Ranar da na sa aka rufe ta da leda mai ruwan toka marar sheƙi, sai na ji kamar an rage hayaniya a cikin motar, duk da ba sauti aka taɓa ba.

TAMBAYA: Ni dogo ne kuma ina da jiki. Duk sabuwar motar da na shiga, akwatin tsakiya ya yi faɗi ya yi tsawo, gwiwata tana gugarsa har ta yi tsami a doguwar tafiya. Na tuna motocin da, mutum uku suna zama a gaba ba takura. Me ya kawo wannan gini a tsakiyar mota, kuma yana da wani amfani?

AMSA: Ɗan'uwa, asalinsa larura ce, daga baya ya zama ado. A motar da injinta ke gaba amma ƙafafun baya ke ja, dole akwatin giya da doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai juyi baya su bi ta ƙarƙashin tsakiyar mota. Wannan ne ya haifar da tudun da ke bin daɓen mota. A motocin Amurka na shekarun 1950 ana sa sandar giya a jikin sitiyari, a shimfiɗa doguwar kujera guda a kan tudun, mutum uku su zauna. Da motocin gudu suka yi tashe a shekarun 1960, aka raba kujerar biyu, giya ta sauko ƙasa, sai aka yi mata akwati don a rufe tudun. Daga nan kaya suka yi ta taruwa a kansa: birkin hannu, tokar sigari, madogarar hannu, wurin ajiye kofi. Doguwar kujerar gaba ta ci gaba da janyewa, har Chevrolet Impala ta 2013 ta zama ta ƙarshe a ƙananan motocin Amurka da ake iya samu da ita.

Abin mamaki shi ne a yau yawancin dalilan sun kau, amma akwatin ya ƙara girma. Motoci da yawa ƙafafun gaba ke jan su. Birkin hannu ya koma ɗan maɓalli tun lokacin da motoci irin BMW 7 Series ta 2001 suka fara zuwa da na lantarki. A motoci masu yawa masu giyar otomatik, sandar giya ba ta haɗe da komai sai waya, saƙo kawai take aikawa, shi ya sa Jaguar XF ta iya mayar da ita wani ɗan faifai mai tasowa daga cikin akwatin idan an tayar da mota. To me ya hana akwatin ramewa? Masu zane sun gano cewa idan ya yi tudu ya rungumi direba, mutum yana jin kamar yana cikin motar tsere ko jirgin sama, kuma faɗinsa yana sa mota ta yi kama da mai tsada. BMW ce ta yi suna da karkatar da tsakiyar dashbod wajen direba tun 3 Series ta 1975, kuma wannan tunani ne mai kyau, domin yana kawo maɓallai kusa da hannu. Amma kusantar da maɓalli daban, gina katanga tsakanin mutum biyu daban.

Akwai waɗanda suka bi wata hanyar, kuma ina yaba musu. Volvo S40 ta 2004 ta zo da tsakiya siririya kamar allon katako da aka lanƙwasa, bayanta fili ne da ake ajiye kaya. Hyundai Ioniq 5 ta 2021, da yake ta lantarki ce kuma daɓenta shimfiɗe yake, an yi mata akwatin da ake turawa baya har santimita 14, direba ma yana iya fita ta ƙofar fasinja idan an matse shi a wurin ajiye motoci.

Tunda mun zo kan giya, bari in yi gargaɗi guda, domin a nan ne ƙawa ta taɓa cin rai. Wasu motocin Jeep da Chrysler da Dodge sun zo da sandar giya wadda, duk inda ka tura ta, sai ta dawo tsakiya. Hannu ba ya iya sanin ko motar tana P, wato giyar ajiye mota, ko tana N, wato babu giya, sai an duba haske. Mutane suka riƙa fita suna zaton sun sa P, mota ta gangara. A Afrilun 2016 kamfanin da ke ƙera su ya yi wa motoci kusan miliyan 1.1 kiranye, wato ya nemi a mayar da su a gyara. A Yunin shekarar, ɗan wasan fim Anton Yelchin, mai shekara 27, ya rasu a gidansa da ke Los Angeles bayan motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi, kuma motar tana cikin waɗanda kiranyen ya shafa. Tun daga lokacin, duk motar da na shiga, abin da nake fara dubawa shi ne yadda ake sa ta a P, da yadda zan tabbatar ta shiga.

Game da gwiwarka: ka ɗan ja kujera baya, ka janyo sitiyari wajenka idan yana janyuwa, ka ɗaga gaban mazaunin don cinyarka ta samu madogara, gwiwar za ta rage faɗawa gefe. Masu ɗinkin kujerun mota suna iya liƙa ɗan soso mai rufin fata a daidai inda kake guga. Idan kuma za ka sake saye, kada ka yarda da zaman minti biyu. Ka nemi tuƙin aƙalla minti 20, domin gwiwa ba ta fara magana sai an ɗan jima.

TAMBAYA: Ni da maigidana mun kasa daidaitawa. Shi kujerun fata baƙaƙe yake so, wai su ne na manya. Ni kuma na fi son na yadi masu haske. Muna da yara uku ƙanana. Ka raba mana gardama.

AMSA: Uwargida, kowannenku yana da rabin gaskiya, amma bari in fara rage wa fata daraja kaɗan. A farkon zamanin mota, a manyan motocin masu hali, direba ne yake zama a kan fata, don wurinsa a buɗe yake, ruwa da rana suna dukansa. Mai motar yana baya a kan yadi mai laushi. Har yau Toyota Century, motar manyan Japan tun 1967, da kujerun ulu aka san ta, saboda ulu ba ya ƙara idan an motsa, ba ya zafi, ba ya sanyi. Don haka yadi ba alamar rashi ba ne.

Sannan yawancin fatar mota ta yau an rufe fuskarta da launi da siririn rufi na roba, wato abin da hannu yake taɓawa ba fatar ba ce kai tsaye. A motoci da yawa ma inda ake zama da inda ake jingina ne kaɗai fata, gefe da baya leda ce. Wannan ba aibi ba ne. Ledar Mercedes da ake kira MB-Tex ta yi suna wajen daɗewa, sau da yawa tana riga fatar gaske tsufa da kyau. Akwai kuma Alcantara, wadda mutane ke ɗauka fata ce mai gashi-gashi, alhali haɗin zaren roba ne da wani masani ɗan Japan ya ƙirƙiro wajen 1970, ake yin ta a Italiya. Tana da daɗin riƙo, amma tana shan maiƙon hannu ta daskare. Da yara uku, ku nisance ta.

Inda maigida ya yi daidai shi ne wajen tsafta. Abin da yaro ya zubar a kan fata ko leda, ƙyalle mai ɗan ruwa ya isa. A kan yadi kuwa yana nutsewa cikin soso, wari ya zauna. Inda ke kika yi daidai shi ne launi da zafi. Baƙar fata da ta wuni a rana tana iya ƙona cinyar yaro, kuma baƙin launi daga sama har ƙasa yana ƙuntata cikin mota, ya sa ta zama kamar kogo. Launi mai haske yana buɗe ta, sai dai fari fat yana ɗaukar shuɗin wandon jins, kuma cire shi aiki ne.

Da ni ne, zan ɗauki leda mai kyau ko fata mai ruwan ƙasa ko ruwan toka, rufin sama mai haske, kafet mai duhu. Abu guda ne ba a sasantawa a kansa: saman dashbod ya zama mai duhu marar sheƙi. Ba don ado kamfanoni suke yin sa haka ba. Mai haske yana bayyana a jikin gilashin gaba kamar hazo, ya rufe wa direba hanya. Saboda wannan dalilin ne ma nake hana shafa masa man nan mai sa walƙiya.

TAMBAYA: Yaya, na samu motata ta farko, tsohuwa ce amma ina son ta. Ina so in gyara cikinta: fitilu masu launi a ƙarƙashin dashbod, rigar sitiyari, rigunan kujeru, shimfiɗa a kan dashbod, da duwatsu masu ƙyalli a tambarin sitiyari. Da wanne zan fara?

AMSA: Ƙanena, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Son da kake yi wa motar nan shi ne babban jarinta. Amma a cikin biyar ɗin da ka lissafa, akwai waɗanda zan roƙe ka ka bari.

Duwatsun tambarin sitiyari, ka manta da su. Jakar iska tana ƙarƙashin tambarin nan, kuma idan ta fashe tana fitowa ne cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Duk abin da aka liƙa a kai ya zama harsashi. A 2023 hukumar NHTSA ta yi gargaɗi a kan irin wannan adon, bayan wani direba ya rasa ganin ido ɗaya. Haka shimfiɗar dashbod: gefen fasinja akwai wata jakar iskar a ciki, kada a rufe ta, kada a jera turare ko wani abu a kanta. Rigunan kujeru kuma, ka duba gefen kujerarka. Idan ka ga an rubuta SRS ko Airbag, wato akwai jakar iska a ciki, to sai rigar da aka yi musamman da ɗinkin da zai yage. Rigar sitiyari idan ba ta kama gam ba tana zamewa a lokacin da ka fi buƙatar riƙo. Gara ka kai a ɗinke maka fata a jikinsa da zare. Ka ƙara da tabarmar ƙafa, ko da ba ka ambace ta ba: kada ka ɗora wata a kan wata, kuma ta direba ta zama a maƙale. A 2009 Toyota ta yi wa motoci kusan miliyan 3.8 kiranye a Amurka saboda tabarma tana iya danne totur.

Fitilu ba laifi, in dai ba ka ganin ƙwan da idonka, haskensa kawai, kuma a can ƙasa wajen ƙafa. Ka zaɓi launi guda mai taushi, wanda ake iya ragewa. Manyan motoci suna tallar launi 64, amma ido da dare duhu yake so. Kamfanin Saab ya taɓa sa wani maɓalli da idan an danna shi duk hasken dashbod yake mutuwa sai na ma'aunin gudu, sauran ba sa dawowa sai akwai abin da direba ya kamata ya sani. Ka fara da wankin ciki mai kyau, da gyara duk maɓallin da ya karye, da ƙwan da ya mutu a bayan ma'aunai. Za ka sha mamakin yadda za ta canza kafin ka sayi ko da abu ɗaya.

TAMBAYA: Malam, kullum kana ba da shawara a kan motocin mutane. Kai a wurinka, wace mota ce cikinta ya fi kyau a duk waɗanda ka sani?

AMSA: Idan ƙawa zalla ake nufi, akwai abubuwan da suke tsayar da numfashi. Lexus LS ta 2017 an yi wa ƙofofinta ado da yankakken gilashi irin na masu sana'ar Japan, da yadin da aka naɗe da hannu. Bentley Continental GT tana da wani yanki a tsakiyar dashbod mai fuska uku da yake juyawa: allo, ko ma'aunai uku masu allura, ko katako zalla. Bugatti Tourbillon ta 2024 kuwa masu ƙera agogo na Suwizalan ne suka haɗa ma'aunanta. Ka lura, mafi tsadar motoci su ne suke neman hanyar ɓoye allo, domin sun san allon bana zai tsufa cikin 'yan shekaru kamar wayar hannu, katako da ƙarfe kuwa suna nan.

Amma wadda ta zauna mini a rai ita ce Mercedes W124, wadda aka fara yi a 1984, zamanin da Bruno Sacco yake jagorantar zane a kamfanin. Ma'aunai ne farare a kan baƙi, manya, ana karanta su da gefen ido. Katako kaɗan ne a tsakiya. Gilasai a buɗe, ginshiƙai sirara, kana ganin kusurwoyin motar daga inda kake zaune. Maɓallin fitilun haɗari ja ne, yana inda hannun direba da na fasinja duk za su kai.

Karon farko da na shiga irinta mai kujerar lantarki, da dare ne, ina gefen fasinja, kujerar ta matse ni da gaba. Ban tambayi mai motar komai ba. Na kai hannu jikin ƙofa a cikin duhu, sai yatsuna suka faɗa kan wani ɗan abu mai siffar kujera: ga mazauni, ga majingina, ga matashin kai. Na tura ɗan mazaunin baya, kujerar da nake kai ta ja baya. Na kwantar da 'yar majinginar, bayana ya kwanta.